FINA-FINAN SALLAH: MASU KALLO NA JIDDARI POLO, MASU ƘIRGA KUƊI NA IKKO

A ƙasashen Turai da Amurka akwai lokacin da masu sana'ar fim suka keɓe domin fito da manyan fina-finansu, watau lokacin zafinsu, daga watan Mayu zuwa Agusta, sa'ad da makarantu ke hutu, matasa kuma suke da sukunin zuwa silima. Wannan al'ada ta kafu ne sosai tun daga watan Yuni na 1975, lokacin da wani fim mai suna Jaws, na Steven Spielberg, wanda ya ba da labarin wani ƙaton kifin teku mai cin mutane, ya tara kuɗin da babu wani fim da ya taɓa tarawa kafinsa. Tun daga nan kamfanoni suka riƙa ajiye fina-finan da suka fi kashe wa kuɗi sai wannan lokaci ya zo. A ranar 21 ga watan Yuli na 2023, alal misali, aka fito da Barbie da Oppenheimer rana ɗaya. Na farkon ya tara fiye da Dala miliyan 1,400, na biyun kuwa fiye da Dala miliyan 900.

A Nijeriya kakar fim ba ta bin zafi ko sanyi, tana bin biki ne. A Kudu watan Disamba ne, lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara. A Arewa kuwa Sallah ce, ƙarama da babba, domin a ranakun ne yaro ke da kuɗin barka da Sallah a aljihu, magidanci kuma ya sami hutun kwana biyu. Da yake watan Musulunci yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, sai ga shi a 2023 da 2024 da 2025 Babbar Sallah ta faɗo a cikin watan Yuni, daidai lokacin da manyan fina-finan Amurka ke fitowa. Saboda haka matashin Arewa ya sami kansa da kaya iri huɗu a gabansa lokaci guda: na Amurka, da na Indiya, da na Kudu, da kuma na gida.

Kowa ya zauna a majalisar matasa a unguwa irin Jiddari Polo da ke Maiduguri ya san ra'ayi a kan waɗannan fina-finai ba ya ƙaranci. Ana yabo, ana kushe, ana gardama har dare ya raba. To, amma abin da ya kamata 'yan Arewa mazauna Kurmi su lura da shi shi ne, duk wannan ra'ayi ba ya isa kunnen masu zuba kuɗi a harkar fim, domin su kuɗin tikiti suke ƙirgawa, ba yawan masu kallo ba. Wanda kuwa ba a ƙirga shi ba, wani ne zai ba da labarinsa, kuma yadda ya ga dama zai bayar.

YADDA AKE KALLO A JIDDARI POLO

Jiddari Polo unguwa ce da ke gefen garin Maiduguri, kusa da Barikin Giwa, kuma tana cikin unguwannin da suka sha wuya a shekarun rikicin Boko Haram. A ranar 14 ga watan Maris na 2014 aka kai wa barikin hari. A yammacin ranar 7 ga watan Yuni na 2017, ana cikin azumi, mahara suka shigo ta wannan unguwa, mutane suka bar gidajensu suka nufi cikin gari, ana gobe Muƙaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, zai kawo ziyara. A ranar 26 ga watan Afrilu na 2018 aka sake gwada shigowa ta nan. Ya kamata mai karatu ya riƙe waɗannan ranaku, domin a Sallar wannan azumi na 2017 ne mutanen Kano suka yi ta layi a silima don kallon Mansoor, fim ɗin Ali Nuhu, alhali takwarorinsu na Jiddari Polo ba su gama kwantar da hankali ba.

Kafin rikici, gidan kallo shi ne silimar talaka a Barno, kamar sauran garuruwan Arewa: rumfa ta kwano ko ta zana, da benci, da talabijin, da janareta, a nuna ƙwallo da yamma, a nuna fim da dare. Rikici ya mai da irin wannan taro abin tsoro. A ranar 17 ga watan Yuni na 2014 bam ya tashi a wurin kallon gasar cin kofin duniya a Damaturu, mutane da dama suka rasu. A ranar 16 ga watan Yuni na 2019 aka kai irin wannan hari a wani wurin kallon ƙwallo a Konduga, mutum 30 suka riga mu gidan gaskiya. Ga kuma dokar hana fitar dare da aka sha sanyawa, ga hana hawan babur tun daga watan Yuli na 2011, ga yanke layukan waya na tsawon watanni bayan dokar ta-ɓaci ta watan Mayu na 2013.

Daɗin daɗawa kuma sai matsalar wuta. A watan Janairu na 2021 aka fasa turakun lantarki a kan hanyar Damaturu, Maiduguri ta shafe watanni cikin duhu, har sai da aka gina mata tashar iskar gas mai ƙarfin megawat 50, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Maris na 2023. Bayan wata biyu aka janye tallafin man fetur, kunna janareta ya zama sai mai hali. Sa'an nan a ranar 10 ga watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Fori da Galtimari da Gwange, ya shiga Fadar Shehu da Kasuwar Monday. Mutumin da ke neman katifar kwana ba ya tunanin kuɗin kallo.

Duk da haka kallo bai tsaya ba, wuri kawai ya sauya. Ya bar rumfa ya koma cikin wayar hannu. Yaro zai kai wayarsa shagon masu caji, a cika masa batir, a kuma tura masa fina-finai biyar ko goma a kan kuɗi ƙalilan, ya koma gida shi da ƙannensa su haɗa kai a kan allo ɗan mitsitsi. Wannan ita ce silimar Jiddari Polo a yau, kuma babu mai sayar da tikiti a ƙofarta.

RA'AYOYI SUN KASU

Idan aka saurari masu kallo da kyau za a ga ra'ayinsu ya kasu gida huɗu.

Kashi na farko su ne masu son babban fim, mai faɗa da tseren motoci da rushewar gine-gine. Su a wurinsu fim ɗin da ba a kashe wa kuɗi ba ɓata lokaci ne. Mafi yawansu ba da Turanci ko Indiyanci suke kallo ba, sai wanda aka fassara da Hausa, irin aikin da kamfanin Algaita na Kano ya yi suna a kansa. Mai fassara yakan ƙara gishiri, ya sa wa jarumi kirari, ya mai da barkwancin Bambai ya zama na bakin kasuwa. Soyayyar Bahaushe da fim ɗin Indiya kuwa ba yau ta fara ba. Tun zamanin da Kwarori ke riƙe da gidajen silima ake nuna Mother India, na 1957, ana maimaitawa shekara da shekaru ba a gajiya. Ƙorafin wannan kashi a kan fina-finan Hausa shi ne, ɗaki ɗaya, falo ɗaya, mota ɗaya, sai surutu.

Kashi na biyu su ne mabiya fina-finai masu dogon zango, waɗanda ake sakin kashi ɗaya kowane mako, irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad, waɗanda duka suka fara a 2020, da Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Mata da 'yan mata sun fi yawa a nan, ko da yake maza ma ba a bar su a baya ba. Su abin da ya dame su shi ne halin mutanen cikin labarin: wa ya ci amana, wa ya yi haƙuri, wa ya kamata ta aura. Kukansu kuwa shi ne jan labari. Abin da za a gama cikin mako goma sai a kai shi shekara biyu, domin kowane kashi kuɗin talla ne ga mai shi.

Kashi na uku ba su da yawa, amma maganarsu tana da nauyi. Galibi ɗalibai ne na Jami'ar Maiduguri da malaman makaranta da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Tambayarsu ita ce, ina labarinsu? An shafe fiye da shekara 15 ana rikici tun daga watan Yuli na 2009, an yi gudun hijira, an yi zaman sansani, an koma gida, an ga jarumtar 'yan gora da ta matan da suka riƙe marayu da sana'ar ɗinkin hula, amma idan aka buɗe sabon fim ɗin Sallah sai a tarar da rikicin kishiyoyi a wani ƙaton gida mai bene.

Kashi na huɗu su ne iyaye da malamai, waɗanda ke ganin duk harkar da ido ɗaya. A da suna iya hana yaro zuwa gidan kallo. Yanzu gidan kallon yana ƙarƙashin matashin kansa. Damuwarsu ba ta wasa ba ce, domin mai tura fim ba ya tambayar shekarun yaro, kuma babu hukumar da ke duba abin da ya tura.

Kowane kashi yana da gaskiyarsa. Abin da ya haɗa su duka shi ne, babu ko ɗayansu da ke biyan mai fim kai tsaye.

INDA AKE ƘIRGA KUƊI

A nan ne ya kamata a waiwayi Ikko, inda da yawa daga masu karanta wannan shafi suke zaune. A ranar 15 ga watan Disamba na 2023 Funke Akindele ta fito da fim ɗinta A Tribe Called Judah. Kafin watan Janairu ya yi nisa ya zama fim ɗin Nijeriya na farko da ya haura Naira miliyan 1,000 a gidajen silima. A Disamba na 2024 ta sake fito da Everybody Loves Jenifa, ya zarce na farkon. An san waɗannan alƙaluma ne domin Ƙungiyar Masu Gidajen Silima ta Nijeriya tana fitar da lissafin cinikin tikiti a kai a kai. Kowane tikiti yana da shaida. Bayan an cire haraji da kason mai silima da na mai rarrabawa, abin da ke isa hannun mai fim bai kai rabi ba, amma dai yana da takardar da zai kai banki ko gaban mai hannu da shuni ya ce ga abin da fim ɗinsa na baya ya kawo, a ba shi jarin na gaba.

Mafi yawan gidajen silima na zamani suna Ikko ne, sai Abuja da Fatakwal da Badun da wasu biranen Kudu. Saboda haka ɗanɗanon mutanen waɗannan birane shi ne ke yanke hukunci a kan irin fim ɗin da za a yi baɗi. A cikin A Tribe Called Judah akwai 'ya'ya biyar na uwa ɗaya, kowanne ubansa daga ƙabila dabam. Ɗan Bahaushen, Adamu, wanda Uzee Usman ya fito a matsayinsa, aikin gadi yake yi. An nuna shi mutumin kirki, ba a ci mutuncinsa ba, amma duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ya san Bahaushen Kurmi ya wuce maigadi kaɗai. Akwai dillalin shanu, akwai ɗan canji, akwai mai tireloli, akwai likita da lauya. Ba za a gan su a allo ba sai ranar da masu fim suka tabbata akwai 'yan Arewa a layin sayen tikiti.

Mai fim na Kano kuwa ba shi da irin wannan takarda. A zamanin kaset da faifai, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya da Wasila, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai sukan sayi fim su buga su rarraba har Maiduguri da Maraɗi da Agege, kuma ko da satar fasaha ana samun na cefane. Da wayar hannu ta yawaita sai kasuwar faifai ta mutu. Yanzu abin dogaro shi ne YouTube, wanda ke biya gwargwadon tallan da aka gani. Kuɗin tallan da ake biya a kan mai kallo daga Nijeriya kaɗan ne idan aka gwada da na mai kallo daga Ingila ko Saudiyya. Bugu da ƙari, idan mai shago ya sauke kashi ɗaya ya tura wa mutum 200, a lissafin YouTube mutum ɗaya ne ya kalla. Sauran 199 sun yi dariya, sun yi kuka, sun yi gardama a majalisa, amma ko kwabo bai isa ga mai fim ba. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

Wannan shi ne amsar ƙorafin masu cewa ɗaki ɗaya, falo ɗaya. Mai fim ba ya ƙin fita daji da doki 100 don ƙiyayya. Iya ruwa fid da kai, iya kuɗinka iya shagalinka.

ABIN DA YA HANA AREWA SILIMA

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana Arewa gina nata gidajen silima? Amsar tana da tsawon tarihi. Tun farko a Kano an gina silima ne a wajen ganuwa, kamar Rex ta 1937, aka kuma ɗauke ta wurin 'yan iska, inda matar aure ba ta zuwa, ɗan mutunci kuma yake shiga a ɓoye. A watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa kuma suka fassara abin da cewa fushin Allah ne. Wannan tabo bai gama gogewa ba har yau.

A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, Gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, kana a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai. A 2007 aka sake dakatarwa bayan wani abin kunya da ya shafi wata 'yar wasa, aka shiga shekarun kame da ɗauri a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar gina alƙaryar fim ta Naira miliyan 3,000 a Kofa, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, malamai suka yi ca a kan mumbari, aka janye. An ɗan sami sararawa bayan kamfanin Filmhouse ya buɗe silima a rukunin kantunan Ado Bayero a 2015, inda fina-finan Sallah suka riƙa cika ɗaki, har iyalai suka fara zuwa. Sai annobar korona ta 2020 ta sa aka rufe wuraren taro, masu fim suka karkata ga dogon zango. A watan Mayu na 2025 kuma Hukumar Tace Fina-finai, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakinsu ba tare da an kawo an duba ba.

Ba laifi ba ne al'umma ta sa ido a kan abin da 'ya'yanta ke kallo. Sai dai a duba sakamakon. An tsananta wa na gida, wanda ake iya kira ofis a yi masa faɗa, na waje kuwa yana shigowa ta waya ba mai ce masa kanzil. Haka kuma hukuncin da aka yanke a Kano shi ne ke tantance abin da yarinya a Jiddari Polo za ta kalla da Hausa, alhali Barno jiha ce mai cin gashin kanta, da tarihinta da harshenta na Kanuri da nata raunukan. Mai jari kuma, da ya ga sana'ar da za a iya rufewa da sanarwa ɗaya, sai ya kai kuɗinsa ga sayen fili.

WA ZAI BA DA LABARIN BARNO?

Labarin rikicin Arewa maso Gabas ya shiga fim, amma galibi ba ta hannun 'yan yankin ba. A 2020 Desmond Ovbiagele, wanda tsohon ma'aikacin banki ne, ya fito da The Milkmaid, labarin wata Bafulatana mai tallan nono, A'isha, da ke neman 'yar'uwarta Zainab bayan mahara sun afka wa ƙauyensu. An ɗauki fim ɗin a Jihar Taraba, da Hausa aka yi mafi yawansa, kuma Maryam Booth ta sami lambar yabo ta Afirka saboda rawar da ta taka a ciki. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta yanke masa kimanin minti 24 kafin ta yarda a nuna shi. Shi ne Nijeriya ta aika gasar Oscar a wannan zagaye, bayan an ƙi karɓar Lionheart a 2019 saboda Turanci ya yi masa yawa. Haka nan Joel Kachi Benson ya sami kyauta a bikin fina-finai na birnin Venice a 2019 da ɗan gajeren aikinsa a kan garin Chibok, inda aka sace 'yan mata 276 a watan Afrilu na 2014, ya kuma biyo da wani a kan iyayensu mata a 2024.

Waɗannan su ne irin fina-finan da ake kira masu zaman kansu, watau waɗanda ba wani babban kamfani a bayansu, kuma ba cika ɗaki suka sa gaba ba. Sun cancanci yabo, domin sun taɓa abin da wasu suka ji tsoro. To, amma an yi su ne da idon alƙalan gasa na ƙasashen waje, kuma can suka fi zagayawa. Mutanen da abin ya faru a kansu su ne na ƙarshen gani, idan ma sun gani.

Idan kuma aka zo ga tarihi, an ga yadda aka yi da Amina, fim ɗin Izu Ojukwu da Netflix ta saka a watan Nuwamba na 2021. 'Yan Arewa da dama sun yi ƙorafin cewa Sarauniyar Zazzau tana magana da Turanci, sutura da al'adu kuma ba su yi kama da na Hausa ba. An yi ta surutu, amma fim ya riga ya fita, duniya kuma ta kalla. Amsar da ta fi surutu amfani ita ce irin ta Mai Martaba, na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura da Hausa, da Adam A. Zango a ciki, Nijeriya kuma ta aika da shi gasar Oscar a 2024. Bai kai zagayen ƙarshe ba, amma ya nuna ana iyawa. Daga Kudu ma akwai darasi. My Father's Shadow na Akinola Davies, labarin uba da 'ya'yansa biyu a Ikko a lokacin rikicin zaɓen 1993, ya shiga bikin Cannes na Faransa a watan Mayu na 2025, ya kuma sami yabo na musamman. Ba yaƙi aka nuna ba, yini ɗaya ne na iyali ɗaya. Irin wannan labari akwai shi a kowane lungu na Jiddari Polo.

Ba kuwa za a ce Barno ba ta da mutane ba. Ali Nuhu a Maiduguri aka haife shi a 1974, mahaifiyarsa kuma 'yar Bama ce, kuma a watan Janairu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya mai hedkwata a Jos. Halima Atete ma 'yar Maiduguri ce. Ba kuma za a ce masu kallo ba sa son magana mai nauyi ba, domin Kwana Casa'in, wanda Arewa24 ta fara a 2019, siyasa da cin hanci ya tona, jama'a kuma suka rungume shi. Abin da ya rage shi ne jari, da kuma tabbacin cewa wanda ya faɗi gaskiya ba zai kwana a ɗaure ba.

SAURA GA MAZAUNA KURMI

Dogaro da kamfanonin waje ba zai fisshe kowa ba. A watan Janairu na 2024 kamfanin Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin fina-finai a Afirka, ya bar masu fim na Ikko da hamma. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci yakan kwana da yunwa.

A nan ne 'yan Arewa mazauna Kudu suke da wata dama da 'yan'uwansu na gida ba su da ita. Su ne ke zaune kusa da wurin da ake ƙirga tikiti. Duk ranar da aka kawo fim ɗin Hausa silima a Ikko ko Badun ko Fatakwal, makon farko shi ne ma'auni. Idan kujeru suka zauna wayam sai a sauke shi a sa wani, a kuma rubuta cewa fim ɗin Hausa ba ya ciniki. Idan kuwa mutanen Agege da Mile 12 da Obalende suka fito da iyalansu, alƙalami zai nuna, mai silima kuma ba ya gaba da kuɗi. Haka nan mai kallo a waya, idan yana da halin sayen data, gara ya kalla a tashar mai fim ɗin da ya karɓa daga hannun mai turawa. Sarakunan Hausawa na Kurmi da ƙungiyoyin 'yan kasuwar shanu da na gwari, waɗanda ke tara kuɗi don gina masallaci da makaranta, za su iya kama ɗakin taro a ranar Sallah a nuna wa iyalai fim mai tsabta da rana tsaka, a biya mai shi haƙƙinsa.

Gwamnatin Barno ita ma tana da nata kason. Jihar da ta gina dubban gidaje da makarantu don mai da 'yan gudun hijira garuruwansu ba za ta gaza ware wani abu domin koya wa matasa rubutun labari da riƙe kyamara ba, da Kanuri da Hausa da Shuwa da Babur, a kuma nuna aikinsu a gidan talabijin na jihar. Masu tura fina-finai kuwa, maimakon a bi su da kame, gara a yi musu rajista su riƙa biyan wani abu a kan kowane sabon fim, domin su ne kaɗai hanyar rarrabawa da ta kai kowace unguwa.

Yaran da aka haifa a shekarar da aka fara rikici yanzu sun zama samari da 'yan mata. Abin da za su sani game da abin da ya sami iyayensu zai fito ne daga bakin wanda ya riƙe kyamara. Idan na gida bai riƙe ba, baƙo zai riƙe, kuma ba za a ga laifinsa ba. Allah ya zaunar da Barno lafiya, ya kuma sa masu hali su gane.